Yadda na gyara zafin inji a hawan dutsen Kwahu

Motoci biyar muka taso daga Kumasi, a Ghana. Muna hawan Kwahu bayan Nkawkaw, allurar zafin motata Hilux ta haura. Bayan injin ya huce na duba lagireto, ruwa cike, ba yoyo. Washegari na kashe injin da zafinsa, na juya fanka da hannu, sai ta yi ta juyawa sakaka. Kulocin fanka, wanda ke kama fanka ta juya da ƙarfi idan inji ya yi zafi, ya mutu, man silikon ɗinsa ya tsiyaye.

A shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba a ganewa, domin gudu na turo iska. A hawa da giya ta biyu kuwa, fanka kaɗai ke sanyaya ruwan.

Na sa sabon kuloci a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, sannan na wanke jar ƙurar da ta toshe lagireto, daga baya zuwa gaba, da ruwa mara ƙarfi don kada haƙarƙarinsa su lanƙwashe.