Yadda za ka gane shekarun tsohuwar Volkswagen Beetle

Duk mai sayar da tsohuwar Beetle zai rantse maka cewa tasa ta girmi kakarka. Ni ma wani dillali ya taɓa dagewa cewa motarsa ƙirar 1956 ce, saura kaɗan in yarda. Laifin na motar ne: tun 1938 da Ferdinand Porsche ya kammala ta bisa umarnin Hitler, har 30 ga Yulin 2003 da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko, an ƙera fiye da miliyan 21, kuma duk siffar kunkurun nan ce, inji a baya, ba lagireto, iska ke sanyaya shi. Canjin a ƙananan abubuwa yake.

Fara zagayawa bayanta ka dubi gilashi. In ƙarami ne an raba shi gida biyu, motar ta fito kafin Maris na 1953, kuma ka ci karo da abin da masu tara tsofaffin motoci ke rububi a kai. Irinta ce sojan Birtaniya Manjo Ivan Hirst ya farfaɗo da ƙerawa a garin Wolfsburg na Jamus a 1945, cikin masana'antar da bama-bamai suka ragargaza. In guda ɗaya ne mai siffar ƙwai, tsakanin 1953 ne da 1957. Daga nan gilashin ya yi faɗi, sai ka nemi wata shaidar.

Dubi ginshiƙin da ke bayan ƙofa. Waɗanda aka sayar a Turai kafin 1960 suna da ɗan hannu mai fitila da ke miƙewa waje in direba zai sha kwana, shi ne siginarsu. Sannan leƙa ciki: in ba gejin mai, galibi ta girmi 1962. Direban wancan zamanin sai injin ya fara tari yake sanin mai ya ƙare, ya sa ƙafa ya juya wani ɗan ƙarfe, ragowar man da ke ƙasan tanki ya sauko. Na gwada sau ɗaya a kan hanya, ban so in sake ba.

Fitilun gaba da suka kwanta alamar tsufa ce, miƙaƙƙu kuwa daga 1967 zuwa 1968 suka shigo. Gilashin gaba mai lanƙwasa sosai na samfurin 1303 ne, wanda ya fito a 1972, shekarar da Beetle ta karya tarihin Ford Model T na motoci miliyan 15.

To amma duk wannan ido ne, ido kuwa ana yaudararsa. Noti ne ke riƙe bodin Beetle a kan shasi, mai sifana da haƙuri zai iya ɗora tsohon bodi a kan sabon ƙasa. Don haka ɗaga kujerar baya, inda batir yake. A kan tudun ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar za ka ga lambar shasi. Goge ta da tsumma, ka haska da tocila. Daga ƙirar 1965, lamba ta uku ita ce lambar ƙarshe ta shekarar ƙira. Ƙirga su: in tara ne, shekarun 1960 ne, in goma ne, na 1970. Ka tuna shekarar ƙira a kamfanin daga Agusta take farawa, wato motar da aka haɗa a Satumban 1967 ƙirar 1968 ce. Sai ka buɗe but ɗin gaba, ka gwada lambar shasin da wadda ke kan ɗan farantin bayan safaya taya. In sun saɓa, an yi aure tsakanin motoci biyu.

Ta dillalin nan da 118 ta fara, lambobi tara, wato ƙirar 1968 ce. Na nuna masa, ya sosa ƙeya ya ce ai gilashin dai na 1956 ne.