Yadda ake tuƙi a hannun hagu a Ingila ba tare da hannu ya mayar da kai gida ba

Na sha ɗauko baƙi daga filin jirgin Heathrow, kuma kusan kowa abu ɗaya yake fara yi: ya zagaya ya buɗe ƙofar dama, ya yi kiciɓis da sitiyari, ya yi dariya ya dawo ta ɗaya gefen. Bayan kwana biyu kuma mutumin nan zai ce a ba shi makulli, wai shi da ya shekara ashirin yana bin hanyar Kano zuwa Abuja. To, shekara ashirin ɗin nan ce abin tsoron. Sabon direba sai ya yi tunani kafin ya murza sitiyari. Tsohon direba kuwa hannunsa ne ke yanke hukunci, kuma hannun nan a titin dama ya yi karatunsa.

Dattawanmu sun taɓa ganin irin wannan. Nijeriya a hagu take tuƙi har ranar 2 ga Afrilu 1972, lokacin da aka yi canjin hannu, Gana kuma ta bi sahu a 1974. Nijar dama can a dama take, gadon Faransa. Saboda haka mu da muka koyi mota bayan nan ba mu san wani hannu ba. Abin da zan faɗa a kan Ingila na gina shi, amma zai yi wa mai zuwa Maleshiya, Indiya, Kenya, Uganda ko Afirka ta Kudu amfani, illa dai tara da adadin gudu sun bambanta.

Mataki na farko, tun kana gida: motar da za ka haya ta zama otomatik. Ba na sauraron musu a kan wannan. Na san akwai masu ganin otomatik motar ragwaye ce, kuma gaskiya a Ingila hayarta ta fi ta mai giya tsada, sau da yawa ma sai ka yi odarta da wuri kafin ka samu. Biya kawai. A mai giya, kuloci da birki da totur suna nan yadda ka san su, amma sandar giya ta koma hagunka. Ranar farko za ka kai hannun dama neman giya ta biyu ka daki ƙofa. Na yi, kuma duk wanda na sani ya yi. Kada kuma ka ɗauki jibgegiyar mota don a san Alhaji ya iso. Titunan unguwanninsu ƙanana ne, ga motoci a fake gefe da gefe, wani wurin mota ɗaya ce ke iya wucewa.

Lasin ɗinka na Nijeriya yana yi maka aiki har wata 12 a Birtaniya, bayan nan mai zama sai ya yi jarrabawarsu, don ba a musanya namu da nasu. Wasu kamfanonin haya suna neman lasin ƙasa-da-ƙasa, musamman in naka da Faransanci aka rubuta shi, saboda haka ka tambaye su kafin ka biya. Wajen inshora, ka duba nawa ne kason da za a ɗora maka in an ƙuje motar. Inshorar da suke tallata maka a kan kanta tana da tsada, ana samun mai sauƙi a intanet kafin tafiya. Ka zagaya motar da waya ka ɗauki hotonta, musamman rim biyu na hagu. Za ka gane dalili nan gaba kaɗan.

Mataki na biyu: ranar da ka sauka ba ranar tuƙi ba ce. Ka yi sama da awa shida a jirgi, galibi cikin dare, ido ya yi ja, sannan ka faɗa M25, babbar hanyar da ta kewaye Landan? A'a. Hau jirgin ƙasa ko a zo a ɗauke ka. Kwana ɗaya ko biyu ka zauna a kujerar gaba kusa da direba, ka ajiye waya, ka kalli inda yake kallo a kowace mahaɗa. Ka kuma yi yawo da ƙafa. A Landan sun rubuta a kan kwalta wajen tsallakawa cewa ka dubi dama, saboda baƙi irinmu da wuyansu ke juyawa hagu da kansa. In har tsallaka titi da ƙafa yana ruɗa ka, ba ka kai ga riƙe sitiyari ba tukuna.

Mataki na uku, a wurin fakin, kafin ka fita. Madubin tsakiya yanzu yana hagunka, bel kuma daga kafaɗar dama za ka jawo shi. Taɓa sigina ka ga gefen da take. A yawancin motocin Ingila tana hagu kamar yadda ka saba, amma a motocin da aka ƙera don kasuwar Japan, irin waɗanda suka cika Kenya da Uganda, tana dama, waifa ce a hagu. Shi ya sa za ka ga baƙo zai sha kwana rana tsaka waifa na share busasshen gilashi.

Sai batun faɗin mota. Ka saba jikin motar yana damanka, yanzu ya koma hagu, kuma idonka bai sani ba. Zai riƙa neman ya zaunar da kai a wurin da ya saba cikin layi, sai ka tarar tayar hagu tana goga dakalin gefen titi, ko madubinka na shafar motocin da ke fake. Wani abokina a rana ɗaya ya cinye rim biyu, kuɗin da aka cire masa ya fi na hayar. Maganin shi ne ka riƙe doka guda: direba kullum yana kusa da layin tsakiyar titi. In ka ga kanka kai ne a bakin hanya, fasinjanka ne a tsakiya, to kana kan hannun mutane.

Yanzu ga inda na fi so ka nutsu, don nan ne na kusa halaka kaina.

Kowa cunkoso yake tsoro, alhali cunkoso gata ne ga baƙo. Akwai mota a gabanka, ka bi ta, ba yadda za a yi ka ɓata. Haɗarin yana titin da ba kowa, bayan ka tsaya ka sake tashi: fitowa daga gidan mai, daga harabar otal da sassafe, daga wurin da ka tsaya sayen abinci a ƙauye. Kuma ba ranar farko yake zuwa ba, ranar farko ai ido a buɗe yake kamar na ɓarawo. Rana ta huɗu ko ta biyar ne, lokacin da ka fara cewa ashe abin ba wuya, har ka kunna karatu kana hira.

Ni a mako na biyu abin ya same ni. Na fito daga masallaci bayan Asuba, lokacin hunturu, gari duhu, gilashi duk raɓa. Na fito daga harabar na karya dama, na miƙe hankali kwance ina ƙarasa azkar. Na yi tafiya mai ɗan dama kafin in lura da abu ɗaya: allunan hanya da ke gefena duk bayansu nake gani, farar kibiyar da ke kan kwalta kuma ni take nunawa. Kafin in gama haɗa lissafin sai ga fitilar motar ɗaukar kaya ta ɓullo daga kwana. Mutumin ya taka birki, na fizgi sitiyari na koma hagu, muka wuce juna yana ɗaga hannu yana tambayata da ido. Na samu wuri na tsaya, ƙafata tana rawa a kan birki, na fi minti goma ban iya tashi ba. Ba gudu nake ba, ba waya a hannuna, ba barci nake ji ba. Hannu ne kawai ya koma gida.

Ba ni kaɗai ba ne, kuma ba kowa ke tsira ba. A watan Agusta 2019 wata Ba'amurkiya ta fito daga sansanin sojan sama na Croughton a Northamptonshire, ta hau hannun dama kamar tana ƙasarsu, ta yi karo da wani matashi ɗan shekara 19 a kan babur, ya rasu. Maganar har ta zama rikici tsakanin Birtaniya da Amurka. Fitowa daga ƙofa ce zuwa titin ƙauye, irin tawa sak.

Tun daga ranar ga abin da nake yi, kuma nake tilasta wa duk wanda na ba makulli. Duk sanda za ka fito daga wuri zuwa titi, ka tsaya cak ko da ba kowa, ka furta "hagu" da bakinka, a ji. Kunya ba ta cikin wannan. Ka manna takarda kusa da sitiyari ka rubuta HAGU da manyan baƙaƙe. In da wani a motar ka ba shi aikin tuna maka, ka kuma yi alkawarin ba za ka yi fushi ba, ko da uwargida ce ta maimaita sau talatin. Sannan ka dubi dama da farko, don daga nan motar da ta fi kusa da kai take zuwa, sai hagu, sai dama kuma. Kwanar hagu ita ce gajeriya yanzu, ka manne da gefenka ka shige. Kwanar dama ita ce doguwa, sai ka tsallake layi guda ka je can na nesa, kuma ita ce ke yaudara, domin layin kusa yana kiranka. Kafin ka saki birki ka zaɓi da ido daidai inda motar za ta sauka. Wurin fakin ma ka riƙa tsayawa a gefen hagu, kan motar na kallon inda hannunka ke tafiya, don in ka tashi ka tashi daidai. Haka in ka fito daga titi mai hannu ɗaya zuwa mai hannu biyu, nan ma "hagu".

Shataletale, wanda kowa ke yi wa kuka, bai kai haka ba. Ka shiga ta hagu, ka zagaya yadda hannun agogo ke tafiya, wanda ke zuwa daga damanka shi ke da hanya. Babu zancen wanda ya riga cusa kai kamar yadda muke yi a gida. Zaɓi layinka tun kafin ka isa: mai fita hagu ko miƙewa ya riƙe layin hagu, mai zuwa dama ya riƙe na dama, sai dai in kibiyar kwalta ta ce wani abu daban. In mafitarka ta wuce ka, sake zagayowa, ba wanda zai caje ka. Akwai wani a Swindon mai ƙananan shataletale biyar a kewaye da babba, wannan kam ka bar wa 'yan gari.

Sauran a gurguje. A babbar hanya layin hagu shi ne na zama, ta dama ake wuce mota, ka wuce ka dawo. Lambobin gudu da mil suke: 30 a cikin gari, wato kusan kilomita 48, 60 a hanyar da ba a raba ba, 70 a babbar hanya, wurare da yawa kuma 20 ne, musamman a Wales. Kyamara ce ke kamu, ba wanda za ka ce wa ranka ya daɗe, takarda ce za ta bi kamfanin haya, su miƙa sunanka, su kuma cire ladansu a katinka. Riƙe waya kana tuƙi tarar fam 200 ce da makin laifi 6 a lasin. In wani ya haska maka fitila, yawanci nufinsa bismilla ka shiga, akasin namu da ke nufin kauce ga ni nan, amma duk da haka ka duba da idonka. Hon kuwa ka manta da shi. Tsakiyar Landan kada ma ka shiga da mota, akwai kuɗin cunkoso ga fakin mai ɗan karen tsada.

Takardar nan ta HAGU kada ka yar da ita a filin jirgi, juya bayanta ka rubuta DAMA. Da na dawo Kano bayan wata uku, washegari na fito daga layinmu na karya na hau hagu, sai da wani mai a-daidaita-sahu ya leƙo ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa?"