Kurakuran da ke kashe keken ɗinki a gida, da yadda ake gyara su

Yawancin kekunan ɗinkin da ake ɗauka daga unguwannin Aboabo, Asawase ko Sawaba a Kumasi zuwa wurin mai gyara ba tsufa ne ya kayar da su ba. Baƙin kan nan na Butterfly ko Singer ƙarfe ne kusan gaba ɗayansa, in ya sami riƙo uwa za ta yi aiki da shi ta bar wa ɗiyarta. Abin da ke kayar da shi hannun mai shi ne, sau da yawa ma a garin neman gyara.

A wajen mai aka fi ɓarna. Keke ya fara ƙara, ba man keke a kusa, sai a miƙa hannu madafa a ɗauko man gyaɗa ko man kwakwa, wasu har man ja. Ranar farko zai yi laushi, ki ce kin huta. Amma man girki in ya sha iska danƙo yake zama, ya manne a gaɓoɓin ƙarfe, bayan 'yan watanni ki juya wili ya ƙi. Man mota kuma ya yi wa keke kauri, ga baƙin tabo a yadi. Man keke na gaskiya fari ne, tsararo, ba shi da wari, kuma masu sayar da zare da allura a kasuwar Kejetia suna da shi. In wanda ke kwalbarki ya canza launi ya yi kauri, ya gama aiki, zubar da shi. Keken da ya riga ya sha man girki kuwa, a ɗiga masa kananzir a duk ramin mai, a juya wili a hankali, a bar shi ya kwana, a goge dattin da ya fito, sannan a sa man keke. Kada a tsaya a kananzir kaɗai: wanki yake yi, yana bushewa ya bar ƙarfe na gugar ƙarfe.

Ko da man kirki ne, yawansa ɓarna ne. Ɗigo ɗaya ya ishi kowane rami, ɗigo ɗaya a hanyar da ƙoshiya (ƙarfen da ke ƙarƙashin allura mai haɗa zaren sama da na ƙasa) ke kai da kawowa, ɗaya a sandar allura. Ki kwantar da kan keken baya ki duba ƙarƙashi, don can ne ake mantawa, ki ɗiga duk inda ƙarfe biyu ke motsi a kan juna. Bel, cikin moto, robar naɗa kwarkwaro (abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai) da faifan nan biyu masu matse zare ba su son mai ko kaɗan. Bayan kin gama ki ɗinka tsumma har ɗinki ya fito fes. Wadda ta zuba mai ta ɗora farar shaddar mutane ana jibi Sallah ta san abin da nake nufi. Kekunan zamani masu allo da maɓallai nasu daban ne, akwai waɗanda kamfani ya hana a sa musu mai a gida, sai ki bi littafin da ya zo da su.

Babban kuskuren, a ganina, shi ne zuba mai a kan datti. Atamfa na zubar da gashi, zare mai araha ma haka, duk suna taruwa tsakanin haƙoran keke da bayan ƙoshiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ta zo ta ƙara nata. Mai ya sauka a kan wannan, sai ya zama kwaɓaɓɓen yashi yana cin ƙarfe a hankali. Sharewa ce farko. Ki cire allura da ƙafar nan mai danne yadi, ki kwance farantin da ke ƙarƙashin allura, ki fitar da kwarkwaro da gidansa, ki buɗe zoben da ke riƙe ƙoshiya ki ciro ta. Tsohon buroshin haƙori mai tsabta ya isa. Za ki ga dattin haƙora ya dunƙule ya yi tauri har ki zaci da shi aka ƙera keken, alhali shi ne ke hana haƙora ɗagowa su ja yadi. Kada ki hura da baki, danshin numfashi na kawo tsatsa, kuma cikin keke kike ƙara tura dattin. Kada ki kankare da bakin almakashi ko allura, don ƙoshiya in ta sami ƙarzuwa kaɗan a bakinta ba za ta daina tsinka zare ba. Tsinken sakace ya fi. Mai ɗinki kullum ta share kowane mako, a cikin azumi kuwa, da aiki ke yawa, kullum da dare.

Zare ya dunƙule a ƙarƙashin yadi, sai kowa ya kama ɗan ƙaramin sukurun gidan kwarkwaro yana murɗawa. Galibi laifin na zaren sama ne. An zura shi ƙafa na ƙasa, faifan matsewa a rufe, bai shiga tsakaninsu ba. Ki ɗaga ƙafa, ki zare shi duka, ki sake zurawa daga farko kafin ki taɓa sukurun nan. In dole sai an taɓa shi, kwatan juyi ya isa, ki gwada ki gani. Wili kuma wajenki ake juya shi, juyin baya ne ke cusa zare a ƙoshiya.

Allura ba gado ba ce. Bayan kamar awa 8 na ɗinki bakinta ya dakushe, ko da ido bai gani ba, alamarta ƙarar "tak-tak" da tsallake ɗinki. Lamba 11 ta yadi mara nauyi ce, 14 ta atamfa, 16 zuwa 18 ta jins da makamantansa. Allurar keken gida tana da gefe ɗaya shafaffe a gindinta, ta babban keken teloli mai moto kuwa zagayayya ce, kada a haɗa ki da ita a kasuwa. Kafin ki cire tsohuwa ki lura da inda shafaffen gefen ke kallo, don ya bambanta daga keke zuwa keke, sannan ki tura sabuwa sama har ta tuƙe.

Bel ɗin fata na keken ƙafa yana saki da daɗewa. A buɗe ƙugiyarsa, a yanke kaɗan, a huda sabon rami a maƙala. In an ja shi ya yi tsauri taka feda zai yi nauyi. Masu keken lantarki, musamman wanda 'yan'uwa suka aiko daga Amurka, su duba rubutun jikin moto: wutar can 120 ce, ta Ghana 230, ba tiransifoma moto zai ƙone nan take. In an ɗauke wuta a zare filogi.

Damina biyu ake yi a Kumasi, danshi ba ya ƙarewa, don haka kada a ajiye keke a ƙasan siminti ko jikin taga. A rufe shi da murfinsa ko zane, leda tana tara gumi. A bar ɗan ƙyalle ƙarƙashin ƙafa. Wanda aka ajiye ba aiki, irin na kayan aure, a riƙa fito da shi wata-wata a ɗiga mai a juya. Jikinsa da tsumma da ɗan man keke ake gogewa, fetur, sifirit da ruwan omo suna cinye zanen zinariyar da ke jikinsa.

In kin share, kin sa mai, kin canza allura, kin sake zura zare, amma allura na dukan ƙoshiya ko ta ƙi ɗauko zaren ƙasa, saitin ciki ne ya goce. Wannan na mai gyara ne. Ki tafi masa da ƙyallen da kika gwada ɗinki a kai da allurar da ta karye, kuma ki gaya masa gaskiyar irin man da keken ya sha.