Yanda Zaka Kalli Wasan Ohio State da Michigan Baka Zama Baƙauye Ba

To ɗan uwa, in Allah ya kai ka Columbus, garin da jami'ar Ohio State take a Amurka, karatu ko aiki kuma ka samu tikitin wannan wasan, kar ka ce sai lokacin take wasa zaka shiga. Wallahi rabin kuɗinka ka zubar. Ƙwallon Amurka ne fa, irin wanda ake runguma a gudu, kuma gabar jami'o'in nan biyu tun 1897 ake yinta, yanzu duk ƙarshen Nuwamba ake bugawa, shekara ɗaya a Columbus shekara ɗaya a Ann Arbor, garin jami'ar Michigan.

Fara da kaya. Ja da ruwan toka zaka saka, shuɗi da rawaya kuwa ko hula ce ka barta a gida don kalar Michigan ce. Sanyi kuma ba wasa, ka ninka safa ka ɗau safar hannu, awa uku da wani abu zakayi a waje yawanci a tsaye. Satin wasan zakaga an bi allunan makaranta an liƙe duk harafin M da jan salatif, sunan Michigan ɗin ma basa faɗa sai dai suce waccan ƙungiyar ta arewa, kaima ka bi su a haka.

An saba take wasa sha biyun rana, to ka fito da sassafe. Wajen fakin zakaga mutane sun buɗe bayan mota sunata gashi da kiɗa, kuma suna da tayi, sai dai ka tambaya naman meye kafin ka karɓa don alade da giya sun cika wajen. Ka kuma san inda zakayi azahar tun kafin ka shiga.

Daga nan ka nufi St. John Arena, wani rufaffen zauren wasanni na makarantar, wajen awa biyu kafin wasa 'yan badujalar makaranta suke haɗuwa suyi gwajin ƙarshe, Skull Session suke ce masa kuma kyauta ne, 'yan wasa da koci ma suna biyowa su gaisa da jama'a, ganguna da ƙahonni a cikin rufaffen ɗaki har a ƙirjinka zakaji su. Ni a ganina nan ne zafin abin yake, ya fi duk kiɗan da ake sakawa a lasifika.

Ka tabbata kana kujerarka minti talatin kafin lokaci. Filin yana cin mutum sama da 100,000 kuma layin shiga ba ƙarami bane. Abinda zaka jira shine 'yan badujala su gangaro cikin fili, sannan in sunyi Script Ohio, wato su jeru suna tafe suna busa har su rubuta Ohio da jikinsu, tun 1936 suke wannan abin. A ƙarshe mai ƙaton ƙahon nan da ake ratayawa a kafaɗa zai fita shi kaɗai yana ɗaga ƙafa yaje ya zama ɗigon harafin i ya rusuna. Yaro sai ya shekara huɗu a ƙungiyar kafin ya samu wannan damar, don haka ka ajiye waya ka tafa masa.

Kirari kuma mai sauƙi ne, duk wanda ya ce maka O-H kace I-O, ko a layin banɗaki ne. Ihu yana da lokaci, in ƙwallo na hannun Michigan ka buɗe murya don kar su ji junansu, in tana hannun naku kayi tsit.

An tashi kar kayi saurin fita. 'Yan wasa zasu je gaban 'yan badujala a dafa kafaɗa a rera taken makaranta, Carmen Ohio, ka karanta baitin farko tun daren jajibere, in ya ƙwace maka kuma ka dafa na kusa da kai kana gyaɗa kai kawai.