Yadda ake shafa fenti kalar zaitun mai ruwan ƙasa ba tare da ɗaki ya koma kamar gansakuka ba

Kalar nan ita ba kore ba ce sosai kuma ba ruwan ƙasa ba ce zalla, tsakani take, kamar an ɗauko ɗan zaitun an surka shi da ƙasa mai ɗan duhu. In ta zauna da kyau ɗaki sai ya yi ɗumi ya natsu, amma fa hawainiya ce, haske ke juya ta yadda ya ga dama, shi ya sa aikin ba daga rola yake farawa ba.

Fara da gwaji. Ka sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa a bango biyu, ɗaya mai kallon taga ɗaya na can lungu, faɗin kamar rabin mita, shafi biyu, ka bari ya bushe tukunna dan fentin ruwa yana ƙara duhu in ya bushe. Sai ka duba da safe, da rana tsaka, da dare bayan ka kunna wuta. Nan ne mutane da yawa suke kwafsawa, ni ma na taɓa, na ga kalar a ɗan katin zaɓen kalar fenti ta burge ni na sa aka yi falo gaba ɗaya, dare na yi na kunna farin ƙwai sai ga bango ya koma wani kore-kore mai toka kamar ruwan kududdufi, wallahi kamar in yi kuka, ashe ba laifin fentin ba ne, ƙwan ne. Duba jikin kwalin ƙwai, in ka ga 6500K wannan farin haske ne mai sanyi, shi ke fito da koren. Wanda ya dace da kalar nan 2700K zuwa 3000K, mai ɗan ruwan ɗorawa.

In kala ta yi maka, sai gyaran bango. Yi amfani da fila, wato ƙullun cike rami, ka toshe ramuka da tsaga, goge da sanfefa, share ƙurar tas. Sabon filasta kuwa a ba shi kamar sati 4 ya bushe, in ka yi gaggawa fentin zai kumbura ya ɓare. Sannan firaima, wato shafin farko da ake yi kafin ainihin fentin, kuma in da hali a ɗan ɗiga mata kalar a ciki, saboda fenti mai duhu a kan farin bango ƙal yana shan shafi da yawa kafin ya rufe.

Lissafi: lita ɗaya tana cin kamar murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya. Ɗaki mita 4 da 4 mai tsayin mita 3 bangonsa 48 ke nan, shafi biyu 96, kaga kana neman lita 8 zuwa 10. In bokiti biyu ne ka juye su wuri ɗaya ka gauraya, dan ba lallai haɗin ya zo daidai ba. Kuma dan Allah kar a cika masa ruwa wai dan ya yi auki.

Ni mara ƙyalli nake so da wannan kalar, mai sheƙi tona asirin bango yake, duk ɗan tudu sai ya nuna. Sai dai kicin da hanyar da yara ke bi, can mai ɗan sheƙi ya fi saurin gogewa.

Manna tef a gefen silin da taga, bi kusurwoyi da burushi, kafin su bushe ka biyo da rola daga sama zuwa ƙasa, kuma bangon da ka fara kar ka tsaya a tsakiyarsa, waya ko ta yi ƙara ƙyale ta, in ba haka ba layi zai fito kuma a kala mai duhu baya ɓuya. Jira awa 2 zuwa 4, ko abin da aka rubuta a bokitin, sai shafi na biyu. Cire tef tun fentin da sauran laima.

Silin kar a yi shi fari fat, ruwan madara ya fi shiga da kalar zaitun ɗin, labule ma haka. Katako mai duhu, tagulla da jar ƙasa duk suna tafiya da ita. In ɗakin ƙarami ne kuma taga ɗaya, shafa bango ɗaya kawai, wanda gado ko doguwar kujera ta jingina da shi, sauran ukun ka bar su ruwan madara.