Yadda Ake Zaɓen Madubin Saiti Don Harbin Dogon Zango

Duk wanda ya shiga wasan harbin dogon zango, ko a filin Bisley na Ingila inda ake gasa tun 1890, ko a jerin gasannin Precision Rifle Series da aka fara a Amurka a 2012, ba ya daɗewa kafin ya gane cewa madubin da ake ɗaurawa a kan bindiga yakan kai kuɗin bindigar kanta, wani lokaci ma ya zarce. Madubai na sahun gaba suna farawa daga wajen dala 2,000, wasu kuma sun haura 4,000, saboda haka kuskure wajen saye ba ƙaramar asara ba ce. Wannan bayani na waɗanda ke zaune ne a inda doka ta halatta wasan kuma suke da lasisi. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta tsaurara mallakar bindiga ƙwarai, ita ma Amurka tana da ƙa'idoji kan fitar da irin waɗannan madubai zuwa ƙasashen waje, don haka a kammala maganar takardu kafin a fito da kuɗi.

Yawancin sababbin shiga suna zaton girman hoto suke saye. A ganina wannan shi ne babban kuskure. Madubin dogon zango na'urar awo ce da aka sa wa gilashi. Harsashi yana fara faɗuwa tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga, kuma kafin ya ci nisan mita 1,000 ya sauka da mitoci da yawa, saboda haka maharbi yakan ɗaga saitinsa ta hanyar juya abin murɗawar da ke saman madubin, wanda zan riƙa kira mamurɗi. Idan mamurɗin ya ce ya ɗaga saiti da kaza, alhali a cikin bututun abin da ya motsa bai kai haka ba, to kyan gilashi ba zai hana kuskure ba. Amincin wannan motsi, da komawarsa daidai inda ya taso bayan an juya shi sau dubbai, shi ne abin da ya raba madubin dala 300 da na dala 3,000.

Kafin komai sai ka zaɓi ma'auni, kuma iri biyu ne. Na farko shi ne mil, wanda ake rubutawa MRAD a jikin kwali: mil ɗaya daidai yake da santimita 10 a nisan mita 100, ko mita ɗaya a nisan mita 1,000, kuma kowane taku na mamurɗi, wato duk sa'ad da ka ji ya yi ƙas, yawanci kashi ɗaya ne cikin goma na mil, santimita ɗaya ke nan a mita 100. Na biyu shi ne MOA, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri, wanda ya ɗara inci ɗaya kaɗan a nisan yadi 100, takunsa kuma yawanci rubu'i ne. Mil ɗaya ya kusa MOA uku da rabi. Babu wanda ya fi wani daidaito a zahiri, sai dai wanda ya taso da lissafin mita da santimita zai fi samun sauƙin mil, kuma shi ne abin da akasarin masu gasar Precision Rifle Series ke amfani da shi, ta yadda idan abokin harbinka ya ce ka ƙara biyu cikin goma zuwa hagu ba sai ka tsaya lissafi ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a haɗa biyun a madubi ɗaya, layukan saiti da aka zana a cikin madubin na mil, mamurɗi kuma na MOA. An yi irin waɗannan madubai da yawa a baya, har yanzu ana cin karo da su a kasuwar na hannu, kuma ban ga farashin da zai sa in ba wani shawarar ya saya ba.

Daga nan sai tambayar iyakar abin da mamurɗin zai iya ɗagawa. Harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, yana bukatar wajen mil 8 zuwa 9 a nisan yadi 1,000, gwargwadon nauyinsa da saurinsa da yanayin iska, shi kuwa .308 Winchester ya fi haka bukata. Manyan madubai sukan ba da tsakanin mil 26 zuwa 35 gaba ɗaya, amma kada adadin ya ruɗe ka, domin idan shimfiɗar ƙarfen da ake ɗaura madubi a kanta a saman bindiga miƙaƙƙiya ce, kusan rabin wannan ne kawai ke akwai don ɗagawa. Shi ya sa ake amfani da shimfiɗar ƙarfe mai ɗan gangara na MOA 20, wadda ke ƙara maka kusan mil 6. Kaurin bututu na milimita 34 ko 35, maimakon 30, amfaninsa ke nan: yana ba kayan ciki filin motsi. Masu cewa bututu mai kauri yana shigo da haske fiye da siriri sun faɗi abin da ba haka yake ba. Ka kuma tabbatar akwai abin da ke tsayar da mamurɗi idan ya dawo sifili, wato saitin da ka fara da shi, domin a tsakiyar gasa abu ne mai sauƙi mutum ya manta ko zagaye na nawa yake, harbinsa ya bi ta saman allon da yake hari da mitoci.

Wurin da aka zana layukan saiti a cikin madubi magana ce da ta cancanci a tsaya a kanta. Idan suna gaban gilasan da ke ƙara girman hoto, abin da ake rubutawa FFP, to suna girma tare da hoton, kuma tazarar da ke tsakanin kowace alama ba ta canzawa ko a ninki nawa kake, wato ko sau nawa ka ƙara girman hoton. Idan suna baya, wato SFP, girmansu a ido ba ya canzawa, amma awonsu yana daidai ne a ninki ɗaya tak, galibi mafi girma. In ka rage ninkin zuwa rabi, awon kowace alama ya ninka sau biyu. Wanda zai harbi faifan ƙarfe a nisa dabam-dabam cikin daƙiƙa 90 ko minti biyu, yana sauya mazauni, yana gyara wa iska da alamomin da ke cikin madubi ba tare da ya taɓa mamurɗi ba, FFP ne nasa babu tantama. Amma masu gasar F-Class, wadda aka raɗa wa suna daga ɗan Kanada George Farquharson, suna kwance ne a nisan da aka sani, kuma a Amurka da'irar tsakiya ta allonsu inci 5 ce kacal a yadi 1,000. Su sun fi son SFP mai siraran layuka waɗanda ba sa rufe tsakiyar allo, da taku ƙanana na kashi ɗaya cikin takwas na MOA, da ninki da ya haura 40. Wato sai ka san wasan da za ka yi kafin ka san madubin da za ka saya.

Game da fasalin layukan kansu, akwai mai giciye da alamomi kawai, akwai kuma mai ɗige-ɗige da suka bazu a ƙasa kamar rassan bishiya, irin Tremor3 da H59 na kamfanin Horus. Na biyun yana taimakawa wajen gyara harbi na biyu da sauri, amma wasu idanu suna ganin ya cika cunkoso. Wannan sai ka leƙa da idonka.

Ninki ba ya bukatar dogon bayani, ko da yake a kansa aka fi yin gardama. Idan aka rubuta 5-25x56, ana nufin hoton yana girma daga sau 5 zuwa sau 25, gilashin gaba kuma faɗinsa milimita 56 ne, kuma wannan ya wadatar da kusan kowa har nisan mita 1,000 da ɗoriya. Idan rana ta take ƙasa ta yi zafi, kawalwalniya tana tashi tsakaninka da allo, kuma madubin yana ƙara mata girma kamar yadda yake ƙara wa allon, har abin da kake hari ya riƙa rawa kamar yana cikin ruwa. A irin wannan lokaci ƙwararru sukan sauko zuwa ninki 12 ko 15, wanda kuma ke faɗaɗa abin da ido ke gani, ya ba mutum damar ganin inda harsashinsa ya sauka. Akwai wani lissafi mai sauƙi da ke nuna tsadar ninki: ka raba faɗin gilashin gaba da ninkin, za ka sami faɗin hasken da ke isa idonka. A ninki 10 milimita 5.6 ne, a ninki 25 kuwa ya koma 2.2, saboda haka hoton yana dusashewa, kuma da ka ɗan gusa kanka sai ya ɓace.

Ingancin gilashi ba a gane shi a cikin shago ƙarƙashin fitila. Ka nemi a bar ka ka fita da madubin da yamma lis, ka dubi gefen wani abu fari da ke jikin duhu, kamar bakin rufin kwano, ka ga ko akwai ratsin shuɗi ko shunayya a gefensa. Gilashi mai kyau yana rage wannan ratsi ƙwarai. Ka dubi gefen hoton, ba tsakiya kaɗai ba. Ka murɗa saiti zuwa ƙarshensa na sama ka sake dubawa, domin madubai da yawa suna rasa kaifi a can, alhali can ne za ka yi harbinka mafi nisa. Ka fuskanci ɓangaren da rana take, ba tare da ka kalle ta ba ko kusa, ka ga ko hoton yana yin fari-fari. Sannan ka gwada mamurɗin gefe wanda ke daidaita nisa: ka kafa madubin a wuri ɗaya, ka motsa kanka sama da ƙasa, idan layukan saiti suna yawo a kan abin da kake kallo to akwai saura, ka ci gaba da juyawa har su tsaya cik. Lambobin nisan da aka rubuta a jikin wannan mamurɗi kusanto ne kawai, ido ne alƙali. Wanda zai yi atisaye da ƙaramar bindiga .22 ya tabbatar madubin yana daidaituwa har ƙasa zuwa mita 25 ko kusa da haka, don ba kowanne ke iyawa ba.

Sunayen da za ka riƙa ji a wannan mataki ba su da yawa. Akwai Schmidt & Bender na Jamus, wanda samfurinsa PM II 5-25x56 ya daɗe yana zama ma'aunin da ake gwada saura da shi; akwai Kahles na Ostiriya, kamfanin da aka kafa a 1898, da Zero Compromise Optic shi ma na Ostiriya; akwai Tangent Theta na Kanada da March na Japan; a Amurka kuma akwai Nightforce da jerin ATACR, Leupold da Mark 5HD, da Vortex da jerin Razor HD. Ba zan ce wane ya fi wane ba, domin bambancin da ke tsakaninsu ya koma na ɗanɗano: yadda takun mamurɗi ke ji a yatsa, fasalin layuka, nauyi, da sauƙin samun hoto idan ka kwantar da kunci. Nauyin yakan kama daga ƙasa da kilo ɗaya kaɗan zuwa kusan kilo ɗaya da rabi, abin da bai dami mai gasa ba amma zai dami mai yawo a ƙafa. Ka karanta sharuɗɗan garanti da kyau, musamman inda za a aika madubin idan ya lalace da kuma ko garantin yana bin wanda ya saya a hannu. Jabun madubai masu ɗauke da manyan sunaye suna yawo a intanet, don haka idan farashi ya yi araha fiye da kima, ka aika wa kamfanin lambar da ke jikin madubin ya tabbatar maka.

Kada ka kashe dubban daloli a madubi sannan ka yi rowa wajen zobban da za su riƙe shi. Ka sayi masu inganci daidai kaurin bututun, ka ɗaure kusoshinsu da sukundireba mai auna ƙarfi bisa adadin da kamfanin ya bayar, domin matsewa fiye da kima tana iya danne bututu ta hana kayan ciki motsi. Ka bar tazarar kusan santimita 9 tsakanin ido da madubi saboda turin bindiga lokacin harbi. Ka kuma ƙara ɗan ma'aunin ruwa mai kumfa a jikin bututun, domin idan ka ɗaga saiti da mil 10 sannan bindigar ta karkata da digiri 3 kacal, harsashin zai kauce gefe da kusan rabin mita a nisan mita 1,000, kai kuma ka ɗora wa iska laifi.

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, kuma a yi shi tun wa'adin mayar da kaya bai ƙare ba. Ka sami dogon kwali da ya haura mita ɗaya da rabi, ka ja layi a tsaye ta hanyar amfani da igiya mai nauyi a ƙasa, ka sa ɗigo kusa da gindinsa, ka kafa shi a nisan mita 100 da ka auna da tef, ba da ƙiyasi ba, a filin da ke da tudun kariya mai tsayi a bayan allo. Ka harba uku a kan ɗigon. Ka ɗaga mamurɗi da mil 10, ka ci gaba da saita ɗigon nan na ƙasa, ka sake harba uku. Tsakanin rukunin farko da na biyu ya kamata a sami santimita 100 cif, kuma dukansu su kasance a kan layin. Idan ka sami 98, madubin yana da giɓin kashi 2 cikin 100, wanda a nisan mita 1,000 zai zama santimita 20, ya isa ya fitar da kai daga faifai. Idan rukunin sama ya kauce daga layin, ko dai an ɗaura madubin a karkace ko kuma motsin cikinsa ba a miƙe yake ba, sai ka gyara ɗaurin ka maimaita don ka gane wanne ne. Daga nan ka dawo sifili ka harba uku, su faɗa inda na farko suka faɗa. Giɓin da ke maimaita kansa daidai a kowane gwaji ana iya zama da shi, domin manhajojin lissafin harsashi suna da gurbin shigar da shi. Wanda ke ba da 98 yau, gobe 101, ko ya ƙi komawa sifili, a mayar da shi cikin kwalinsa tare da hoton allon da rasit.