Mai shayarwa da ciwon asma, kar ki ajiye inhela

'Yar uwa dan Allah in kina da asma kuma kina shayarwa kar ki daina shan maganinki wai don tsoron zai shiga nono, ai uwar da numfashinta ke sarƙewa ita ce cikin haɗari, ta ina za ta kula da jaririn ma?

Inhela mai shuɗi ɗin nan ta salbutamol, wato Ventolin, ki shaƙa duk sanda ƙirji ya matse ki, kai tsaye take zuwa huhu, abin da ke kaiwa nono kaɗan ne ƙwarai. Ta kullum ma haka, irin su budesonide da beclometasone, ki ci gaba da ita safe da yamma ko kin ji garau, kuma ki riƙa kuskure baki bayan kin shaƙa.

Inda ake ɗan lura shi ne ƙwayoyi. Prednisolone na 'yan kwanaki ba matsala, amma in likita ya ba ki sama da miligiram 40 a rana to ki sha da zarar kin gama ba da nono, ki bar kamar awa 4 kafin na gaba. Theophylline kuma yakan sa wasu jarirai rigima da rashin barci, in kin ga haka ki gaya wa likita, kar ki canza da kanki.

In kin shaƙi mai shuɗin amma numfashi bai dawo ba, ko magana ta gagare ki, asibiti kawai, kar ki tsaya jira.